Alfadarar Na'iya

Na'iya mutumin Kebbe ne, ɗan dako. Tun yana saurayi yake kwaso wa mutane hatsi daga gona da jakuna, ranar kasuwa kuma ya kai buhuna Tambuwal. Ya gaji goɗiya ɗaya wajen mahaifinsa, ba ta komai sai cin ciyawa.

Wata damina goɗiyar ta tsinke igiya, ta kwana a fadama cikin jakunan Fulani. Da shekara ta zagayo ta haifi 'ya mai dogayen kunnuwa da ƙafafun doki, ita kuma ba ta daɗe ba ta mutu. Matarsa Tambaya ce ta raini 'yar da nonon akuya da kunun dusa.

Alfadarar ta tashi ta fi kowane jaki a garin ƙarfi. Taɓo bai tsayar da ita, ba ta cika ciwo ba. Da guminta aka rufe ɗakunan gidan da kwano. Na'iya ya so ya sami irinta. Ya kai ta wajen ingarma a Dogon Daji, ya kai ta wajen jaki a Sanyinna, shekara da shekaru, shiru.

Ran da Gazali malamin dabbobi ya zo rigakafin shanu, Na'iya ya tare shi.

"Malam, mi yah hana ta ɗaukar ciki?"

Gazali ya shafa wuyanta ya ce, "Baba, doki da jaki kakansu ɗaya, amma sun rabu tun fil azal. Cikin jikin kowace dabba akwai wasu zaruruwa masu ɗauke da gado, bibbiyu suke tafiya. Na doki sun fi na jaki yawa, shirinsu ma ya sha bamban. Ita ta samu rabi nan, rabi can. Sun ishe ta rayuwa, amma ba su daidaita har su yi ɗa."

"Wato daga ita shi ke nan."

"Kusan haka ne, Baba."

Na'iya ya ce to, ya ja ta ya kai ta rijiya.

Daga baya babura suka karɓe dakon. Masu kiransa suka ragu, sai tsofaffin da suka saba da shi. Tambaya ta kwanta da zazzaɓi bayan girbi, ba ta tashi ba. Yana zaune kan tabarma yana amsa gaisuwa, yana jiran hawaye, ba su zo ba. Da mutane suka watse ya je ya zuba wa alfadara harawa.

Ita ma haƙoranta sun cinye, sai ya riƙa jiƙa mata dusa. Wata safiya ya tarar ba ta motsi. Ya tsaya kanta har rana ta yi zafi, sannan ya kira maƙwabta suka ja ta bayan gari.

Maƙwabcinsa Bube ya yi masa tayin aron jaki. Na'iya ya ce zai yi shawara, bai sake tada maganar ba. Yanzu igiyar kaba yake tufkawa bakin tasha. In an saya ya miƙa, in ba a saya ba ya naɗe ya koma gida bayan la'asar.