Tagar Inna a Ka'akiyya

Ƙanena ya karanci zanen gine-gine, kuma tun da ya gama bakinsa bai huta da labarin sarakunan Rum ba. Wai idan sarkinsu ya ci yaƙi, sai ya gina ƙatuwar ƙofar dutse a tsakiyar hanya, ya kafa gunkinsa a dandali, don duk mai wucewa ya ɗaga kai ya san mai gari. Yana faɗa yana lumshe ido kamar mai kurɓar shayi. Ni kuwa haushi yake ba ni, domin a lokacin an riga an shafa jan fenti a bangon gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka, alamar za a rushe shi.

Gidan ba abin kallo ba ne. Kakanmu ne ya ɗora shi a jikin dutse bayan ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba. Da ya gama, sai ya hau rufi, ya hango hasumiyar Harami, ya sauko ya sassaƙa ɗan gurbi a bangon ɗaki. Wannan gurbin mahaifiyarmu, Inna, take fuskanta tun tana yarinya. Ba ta taɓa tambayar kowa alƙibla ba, kuma saboda shi ta kafe ba za ta tashi ba.

Ƙanena ne ya lallashe ta, Hausa rabi Larabci rabi. "Ya ummi, halas, ki yi haƙuri. Na sama miki shugga, ɗakuna a wani bene a unguwar Ka'akiyya, tagarta Harami take kallo, wallahi."

Ta yarda da shi, don ɗanta ne mai ilmi. Muka kwashe kaya, motocin rusau suka shiga bayanmu.

Bai yi ƙarya ba, wajen Harami tagar take kallo. Sai dai ba abin da ake gani sai dogon benen nan mai agogo, ya tokare sama, ya tsaya ƙiƙam tsakaninmu da Ɗakin Allah. Na tsani ginin nan, har yau ban daina ba.

La'asar ta yi, Inna ta tsaya da dardumarta a hannu tana duban fararen bangaye. Ta ce, "Auta, ina alƙibla?"

Ya ce, "Da sauƙi, ya ummi. Ki fuskanci agogon kawai."

Ta daɗe tana kallonsa. Na ce masa, "To, ga sarkin Rum ɗinka nan, ya samu mai yi masa ruku'u." Ya ce ba ni da tunani, ai alama ce kawai. Na ce shi ma gunkin alama ce.

Inna ta kwance mayafinta ta miƙo mini, ta ce, "Rufe min tagar nan." Na rataya shi, ɗakin ya yi duhu, ta lulluɓa da zane ta tayar da salla. Har ta rasu ba a sake buɗe tagar ba.