Kan Inna da hannun Gwaggo

Shekara talatin da wani abu, hannu ɗaya ne ya san kan mahaifiyata. Maƙwabciyarmu ce a ƙauyenmu na kusa da Damari, muna ce mata Gwaggo duk da ba mu haɗa jini ba. Alhamis ta biyu a kowane wata, da hantsi, Inna za ta ɗauki tabarma da ɗan kwanon man shanu ta shige gidanta. Can ake tsifa, can ake wanki da karkashi, can ake kitso. Sai la'asar take dawowa, kai a ɗaure, fuska a miƙe kamar an yi mata guga.

Gwaggo tana da zafin hannu, wannan kowa ya shaida. Ni ma ta cinyarta na bi. Idan ta kama gashin goshi, sai ki ji girarki ta bi shi sama. Kwana biyu ba ki dariya, ba ki ɗora kai a matashi yadda kike so. Amma kitsonta yakan yi wata guda bai tashi ba, kuma da wannan Inna take cika baki a gidan biki.

Ina yarinya, shuku nake gani a kan Inna, ƙanana, tsagar nan fes. Da na fara girma ya koma kalaba. Daga baya ya zama manyan zane shida, sannan huɗu, ɗaya a karkace ya ratsa tsakiyar kai. Duk sauyin da aka yi, Inna takan dawo da bayani iri ɗaya: Gwaggo ta ce shi ake yayi. Mukan yi dariya a ɓoye, don Gwaggo ko Funtuwa ba ta taɓa zuwa ba, amma ita ce mai sanar da mu yayi.

Da zama ya gagara a ƙauye, kowa ya bi nasa. Mu muka koma Ƙanƙara wurin yayana, Gwaggo ta bi ɗanta zuwa 'Yankara. Inna ta haƙura da rumbunta da tumakinta ba ta yi ƙorafi ba. Kanta ne ta ƙi bayarwa. Na kawo mata masu kitso har uku, kowacce ta sha ruwa ta tafi ba ta ga ko silin gashi ba. Wata uku kitson ƙarshe na Gwaggo yana kanta. Ya cukurkuɗe, yana mata ƙaiƙayi, ciwon kai ya sa ta gaba. Ina kallonta tana sosawa ta saman ɗankwali da tsinken tsintsiya, raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinta.

Wata safiya na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya na ce, "Inna, yau ko dai ni, ko in kira wanzami."

Ta harare ni, ta zauna, ta zame ɗankwalin da kanta.

Da na warware zanen nan na karkace, sai hannuna ya tsaya. A ƙarƙashinsa babu gashi, fili ne sumul kamar tafin hannu. Gefen goshi ma duk ya ci baya. Abin da ya rage fari ne, laushi, ba ya jure ko jan matsefi. Na ce mata zan ɗebo ruwan zafi, na zagaya bayan ɗaki na kira wayar ɗan Gwaggo, ya miƙa mata.

Ba ta bari na gama ba. Ta ce, "Kin gani ke nan. To ki saurara, ɗiyata. Kada ki ja. Ki jiƙa shi da mai tukuna, ki yi manya, ki ɗebo na hagu ki ratsa da shi bisa wurin. In ta tambaya, ki ce shi ake yi yanzu."

Na ce, "Gwaggo, tun yaushe?"

Ta ce, "Ya kai shekara goma. Hannuna ne. Ni na riƙa ja tun tana amarya, ita kau ba ta taɓa cewa wayyo ba. Don Allah kada ki hwaɗa mata. In ta sani, da wane ido zan dube ta?"

Na koma na yi yadda aka ce. Kitsona bai yi kyau ba, gaskiya. Tsagar ta yi ta yawo, zanen karkacen ya fito kamar hanyar Sabuwa da damina. Na gama na ce, murya a dake, "Irin wannan ake yayi a birni, Inna."

Ta kai hannu ta shafa daidai wurin, ba ta ko lalube ba. Ta ce, "Ke ma ta koya maki ƙaryar?"

Na ajiye matsefin.

"Sau biyar nike shafar kan nan kullum in na yi alwala," in ji ta. "Mi za a ɓoye mani a kaina? Tsuhwa ce. Uwata ma haka nata ya yi, kuma ba Gwaggonku ta yi mata kitso ba. Amma ita ta ɗora wa kanta, na ji yadda take lallaɓawa in ta zo wurin. In na ce na sani, sai ta ce don in sanyaya mata rai ne. Shi ya sa na ƙyale ta da yayinta. Matan nan da kika kawo kau, su gani su ce wane mai kitso ne ya cinye maki kai? Ban yarda a yi da ita ba."

Ashe ba sanƙonta take ɓoyewa ba. Na zauna ina murza sauran man a tafina, hawaye na zuba, ita kuma tana faɗa wai na bar mata ƙeya a sake.

Bayan azahar wayar ta yi ƙara. Gwaggo ce, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. "Ta gane?"

Inna tana gefena tana jin komai. Ta dube ni, ta girgiza kai a hankali.

Na ce, "Ba ta gane ba, Gwaggo. Cewa ma ta yi ban kai ki iyawa ba."

Na ji ajiyar zuciyarta tun daga 'Yankara. Sannan ta ce in miƙa wa Inna wayar, tana so ta gaya mata wani sabon kitso da aka fara yayi.