Kujerar Kawu Ɗantani

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Kawu Ɗantani a unguwar Tandabawi, can ƙasa mai tsarki, ya san ba a gaishe shi a tsaye ko a tsugune. Kana yin sallama zai nuna maka doguwar kujerar nan tasa mai ƙafa uku da bulo, ya ce, "Kwanta."

Asalin abin, wata shekara a Mina ya tura wani alhaji a keken guragu, likita daga Turai. Likitan ya nuna masa hoton gidan wani tsohon likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya fara yi wa mutane magani ta hanyar kwantar da su a kujera su yi ta zuba yana saurare. Mutumin ya daɗe da mutuwa, an mai da gidansa gidan tarihi, jama'a na bin layi don su ga kujerar.

"Allura fa?" in ji Kawu.

"Babu."

"Ƙwaya?"

"Saurare kawai."

"Ashe ni likita ne ban sani ba!"

Ana gama aikin Hajji ya tsinto kujera a bola a unguwar Zahir. Wa ya ɗauko ta a ka? Ni mana, ɗan ƙanwarsa. Ya lulluɓe ta da tsohon kafet, ya ajiye wa kansa kujerar roba ta wajen kai, inda wanda ya kwanta ba ya ganinsa.

Maganinsa ɗaya ne tak. Sale direba ya kwanta yana kukan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya hana sabunta masa iƙama.

"Yaushe rabonka da kiran uwarka?"

"Kawu, takardar zama nake faɗa maka!"

"Na ji. Kira ta."

Wani ya ce ya yi mafarki raƙumi ya biyo shi har Jidda. Kawu ya ce, "Raƙumin nan uwarka ce. Kira ta."

"Ai ta rasu, Kawu."

"To je ka yi mata ɗawafi. Yalla, tashi, akwai layi!"

Ni na fi kowa yi masa dariya, wai ni mai boko. Amma da aikina na gini ya ƙare, sai ga ni na lallaɓo na kwanta. Na yi ta zuba, har da hawaye da majina. Na tashi sakayau, na juya zan yi godiya, sai na tarar da Kawu baki buɗe yana minshari.

"Kawu, barci kake!"

Ya buɗe ido ɗaya. "Ka ji sauƙi ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Khalas. Kira ƙanwata."

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Kada ka bari kujerar nan ta koma bola. Gidan tarihi za ka yi mata, irin na Baturen." Na yi alkawari.

Bayan rasuwarsa mai gida ya karɓi ɗakin, na kinkimo ta zuwa namu. Matata Rabi ta ce idan wata ya ƙare ba wanda ya zo kallo, kujera za ta koma inda ta fito. Na zagaye ta da igiya, na haddace jawabin tarihi, kullum in ci ado in zauna jira. Ko kyanwa ba ta leƙo ba!

Wata na gab da ƙarewa sai ga Sale. Na miƙe na fara jawabi, ya tsallake igiyar ya kwanta.

"Kai, ba a taɓawa!"

"Innata ta rasu jiya a Damagaram," in ji shi. "Tun ranar da Kawu ya kore ni nake kiran ta duk Juma'a. Wannan Juma'ar ma mun yi magana, ta sa mini albarka."

Jawabina ya ɓace. Na lalubi kujerar roba na zauna ta wajen kansa, na ce, "Ci gaba." Na so in yi barci irin na Kawu, hawaye suka hana ni.

Washegari Rabi da kanta ta kwance igiyar, ta ɗaura ta yi shanya. Kujerar na nan.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗantani, ya shimfiɗa masa makwanci mai taushi, ya sada shi da tasa uwar. Amin.