Ranar Da Aka Ba Ni Jan Biro

Edita, a shekarun da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, ni masinja ne a wata ma'aikata. Na haura arba'in, bokona bai wuce aji biyu na sakandare ba, yaran da aka haifa a gabana su ke aike na. Haushin haka ya kai ni ajin manya da ake yi ran Asabar a unguwar Ajiya. Ba ilimi na je nema ba, takarda nake so.

Malamarmu tana da wata ɗabi'a. In mun yi rubutun muhawara ba ta fara dubawa, sai kowa ya auna nasa, sannan ya yi musaya da na kusa da shi. Ta koya mana duk inda mutum ya faɗi magana ba madogara, a ja layi a nemi hujja. Ran nan ta ba mu batu: ko lokaci ya yi da 'yan gudun hijira za su koma gida. Na rubuta su tafi, don gaskiya layin famfo a unguwarmu ya ishe ni. Na duba nawa, na ce ba gyara.

Abokin zamana wani tela ne da ya gudo daga arewacin jihar, mutum mai kunya, Bappa, wato baffa, yake ce mini. Shi cewa ya yi a dakata tukuna. Da na karanta nasa raina ya ɓaci, don ya fi nawa nesa ba kusa ba, sai na shiga farautar aibu. A tsakiya ya rubuta cewa wansa ya koma girbin dawa bai dawo ba. Na zabga layi da jan biro. Da Malama ta ce in faɗi abin da na gani, na miƙe na ce wannan zancen baki ne, kowa na iya ƙaga shi don a ji tausayinsa, ya kawo hujja. Har wasu suka yi dariya, ni ma na ji daɗi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Bappa, gawarsa kake so in kawo? Mu ma ba mu same ta ba."

Girman kai ya hana ni cewa yi haƙuri, na ce a raina sati mai zuwa. Bai ƙara zuwa ba. Da na daure na je inda yake ɗinki wajen unguwar Shagari Low Cost, aka ce ya ɗaure kekensa ya koma garinsu. Har yau ban san ko yana raye ba, ban kuma san ko bakina ne ya kora shi ba.

Ni dai ga abin da na koya a makare. In an miƙo maka aikin wani, fara duba zuciyarka, gyara kake nufi ko huce haushi. In haushi ne, ajiye biron. Kuma haƙurin da za ka bayar yau kada ka kai shi Asabar, ba kowa ke dawowa ba.