Chaïbou Mai Ɓera

Chaïbou ɗan wana ne. Ni na yaye shi a Tasawa, ni kuma ya aiko wa da takardu na zo Greensboro in riƙe masa yara, saboda shi da matarsa Hamsatou kullum suna wajen aiki. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin masu gulma na tsinta ba.

A gida tela ne. Da ya zo nan sai ya samu wata masana'antar kujeru can wajen High Point, yana ɗinka wa kujerun riguna. Ba shi da surutu, ba shi da abokin faɗa, kuma kunyarsa ta fi ta amarya. Mutumin da ko ayaba ba ya iya ci a kan titi, wai kada a ga bakinsa yana motsi.

Dalila ce 'yarsa ta fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama ya yi hira da shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taras. Hamsatou tun da ta sha iskar Amurka ta sassauta, tana ce mata Lila. Chaïbou kuwa ko kusa. “Ku gaya wa waccan ta zo ta ci abinci.” “Yarinyar nan ta dawo?” Alhali tana tsaye a gabansa. Ƙannenta su hau wuyansa su ja masa gemu, ita tana kallo.

Yarinyar da ta tashi a nan, tana ganin uban ƙawarta yana rungume 'yarsa a ƙofar lakwal, wato makaranta, me kake so ta fahimta? Na yi mata bayani har bakina ya bushe. Sai ta ce, “Kaka, in yana sona ya faɗa mana. Baki gare shi.”

A shekararta ta ƙarshe a sakandare ta shigo mana da keji. Ɓeraye biyu, mata, wai malamar ajinsu ce ke rabar da su. Ɗaya fara fat da jajayen idanu, ɗaya kanta baƙi kamar ta sa hula. Ta raɗa musu sunaye na Turawa da harshena bai ɗauka ba, ni dai Fara da Mai Hula nake ce musu. Na ce mata ni da hannuna na kashe danginsu a rumbu fiye da yadda zan iya tunawa. Hamsatou ta rantse ba za ta ƙara taka ɗakin ba. Chaïbou ya dubi kejin, ya dubi bango, ya ce, “Kada wani ya ji.”

A dubu biyu da shida Dalila ta samu jami'a a Boone, can kan duwatsu, kuma ba a yarda da dabba a ɗakin kwanan ɗalibai. Tana haɗa kaya tana kuka, za ta kai su wajen wata Baturiya a Pleasant Garden. Sai Chaïbou ya ce da ni, yana kallon takalminsa, “Gwaggo, gaya mata ta bar su.” Ta ɗauka ƙannenta ne za su kula da su. Da za ta shiga mota ta raɗa mini cewa ba za ta riƙa zuwa hutu ba, aiki za ta nema a can. “Wa zai lura ba na nan?” in ji ta. Na san halinta. In ta faɗa, ta yi.

Yaran mako ɗaya suka yi suka gaji. Wata safiya na leƙa na tarar da Chaïbou a durƙushe yana canza ƙaiƙayin keji da safar hannu. Ya ganni, na gan shi, kowa ya yi kamar bai ga kowa ba.

Bayan ƙaramar Salla ya same ni a kicin, ya yi ta jan kujera yana mayarwa.

“Gwaggo, in ƙari ya fito wa abu a hammata, yana warkewa?”

“Wane abu?”

“Abu dai.”

“Chaïbou, mutum ko akuya?”

Da ƙyar ya ce Mai Hula. Ya kai ni na gani: ƙullutu kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin hannunta na gaba, tana tafiya tana jan sa.

Ni ya ɗauka rakiya wajen likitar dabbobi, wai in an gan mu a ce asibiti ya kai tsohuwa. Ya sa Mai Hula a kwalin takalmi, ya rufe da sallaya, na fizge sallayar na ba shi tsumma. Muka zauna tsakanin wata mai kare da wani mai kyanwa, ni da hijabina, shi da farin kaftani. Da aka kira sunan ɓeran haɗe da sunan kakanmu, sunan da ake kira a masallacin Juma'a na Tasawa mutane su juyo, na so ƙasa ta tsage in shige.

Likitar ta ce tsufanta ya sa yanka yana da haɗari. Ta ba da wani farin magani na ruwa da sirinji marar allura, safe da yamma. Ta ce ba zai cire ƙarin ba, zai dai rage masa gudu, kuma a sa ido: yana iya kawo kasala, ko zawo, ko zubewar gashi. In an ga haka a dawo.

Mai Hula ta ce ba ta san zancen ba. Ya kai sirinji bakinta, ta sa hannuwa biyu ta ture, kamar yaron da aka miƙa wa maɗaci. Ya naɗe ta a tawul ya ɗura, ta riƙe a kumatu, yana sakinta ta goge a kafet. Ya cakuɗa da ayaba, ta ci sau ɗaya, washegari ta shinshina ta juya masa baya. Yogot ma haka. Ya dawo kicin kamar wanda aka kora daga aiki.

Na ce, “Kai ba ka san ɓera ba. Abin da ya ci ya ɓata masa ciki ba ya komawa kansa. Shi ya sa a gida muke canza abin da muke sa wa guba.”

“To yaya za a yi?”

Haka na wayi gari, da furfurata, ina yi wa ɓera girki. Yau kunun gyaɗa, gobe tunkuza da aka tsinka da ruwa don likita ta ce mai kauri tana shaƙe su, jibi dabino. Wanda ya fi daɗewa shi ne daddawa, warinta ya danne ɗacin. Amma ko ita ba ta ci a cokali, sai a kan yatsan Chaïbou. Safar hannu ta tafi. Hamsatou ta ware masa kwanonsa daban.

Ƙarin ya tsaya, sai dai ita ma ta tsaya. Ta daina hawa keji, gashin bayanta ya zube, zawo ya sa kullum sai an wanke ta. Ga sanyi da take ji. Chaïbou ya ɗauko guntun yadin kujera mai laushi ya ɗinka mata 'yar jaka, in ya dawo aiki ya sa ta a aljihun gaban rigarsa.

A haka Ousseini ya kama shi. Ousseini direban tasi ne, ɗan Maradi, bakinsa ya fi rediyo. Ya shigo gaishe ni, suna cikin musabaha sai ga baƙin kai ya leƙo daga aljihu.

“La ilaha! Malam Chaïbou, carbin Amurka ke nan?”

Kafin Juma'a ta zagayo babu ɗan Nijar a garin nan da bai ji ba. A ƙofar masallaci ana ce masa, “Mai Ɓera, ya mai jiki?” Matan suka riƙa kirana a waya, wai gaisuwa. Chaïbou ya koma sahun baya, ana sallama ya fice.

Da muka koma, likitar ta ce zaɓi biyu ne. A ci gaba da magani ta ƙara kwana cikin wahala, ko a daina ta samu sauƙin jiki ƙarin ya ci gaba. Ta ce mai ita ce ya kamata ta yanke shawara. Sai a lokacin na gane Dalila ba ta san komai ba.

“Gwaggo, ki kira ta.”

“Ba ni na ɗinka wa ɓera jaka ba.”

“To Hamsatou.”

“Hamsatou ba ta san ko ɓeran yana da kai ba. Ungo waya.”

Na sa ƙaramin ƙanenta ya danna lambar, na manna wa Chaïbou a kunne, na tsaya a bakin ƙofa don kada ya gudu. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya ce, “Ni ne.” Sai ya ƙara da cewa, “Abar nan taki ba ta da lafiya.” Daga nan bakinsa ya buɗe, tun da ba ita yake magana a kai ba, ɓera ne. Ya faɗi ƙarin, ya faɗi daddawa, ya faɗi zawo da gashi. Ban taɓa jin ya yi mata magana mai tsawon haka ba tun da aka haife ta.

Ranar Asabar muka ɗauko ta a tashar bas ta cikin gari. Da muka shiga gida ta miƙa wa Mai Hula daddawar a yatsanta, ta ƙi. Ubanta ya miƙa, ta lashe. Dalila ta zauna a ƙasa tana jujjuya 'yar jakar nan, tana bin ɗinkin da farce. Ta ce, “Daddy, kai ka yi wannan?” Ya ce wa bango, “Ragowar yadi ne.”

Ita ta ce a daina maganin. Mai Hula ta ɗan farfaɗo, ta ci abin da take so, ta mutu kafin sanyi ya yi tsanani. Chaïbou ya binne ta a bayan gida cikin jakarta.

Hutun Disamba Dalila ta zo, ba ta nemi aikin ba. Ta ce Fara ba za ta rayu ita kaɗai ba, ɓera ba ya son kaɗaici. Na ce sai a bar ta ta bi 'yar'uwarta mu huta. Washegari da rana tsaka Chaïbou ya shiga shagon dabbobi da kaftaninsa, motar Ousseini tana tsaye a tsallake, ya fito da kwali mai huji.

Har yau bai kira sunanta ba, ba kuma zai kira ba. Amma duk Lahadi waya tana ƙara, Dalila ta ce a ba ta Daddy, ya shiga ɗakin keji ya rufe ƙofa. Wai labarin ɓeraye yake ba ta. Ɓerayen da ba su da aiki sai ci da barci, ban san wane labari gare su da har abinci yake hucewa ba.