Dabinon Baba a Cikin Kwalba

A gonarmu ta Toranke akwai wata bishiyar dabino da kakanmu ya dasa. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba su da kyan gani, amma duk wanda ya ɗanɗana sai ya sake miƙo hannu. Da ta tsufa ta fara bushewa daga sama, ɗa ɗaya tak ya rage a gindinta. Shi kaɗai ne hanyar samun irinta, don in ka shuka ƙwallon dabino ba lallai ya biyo uwarsa ba.

Lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaji a Kano, inda muke rainon tsirrai a cikin kwalabe. Ana fere ɗan dabino har a kai ga zuciyarsa, a yayyanka ta, a ɗora kan wani abinci mai kama da kafaffen koko. Bayan dogon jira sai 'yan tayi su fito, farare kamar tsakin shinkafa, kowanne zai iya zama bishiya. Haka na zayyana wa Baba.

Ya ce, "Wato sai kun kashe shi kafin ya haihu?"

Na ce, "Baba, ɗaya za ka ba mu, mu dawo maka da gona guda."

Da hannunsa ya cire shi, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya raka ni har tashar Ajingi.

'Yan tayin sun fito, Allah ya sani sun fito. Amma kafin su isa tsincewa an kawo mana wata na'ura mai kyamara, aka ce idonmu da hantsakinmu sun huta. Takan ɗauki hoton kowane ɗan tayi, mai kyau ta ajiye shi dama, marar kyau hagu. Na hagu kuwa a ranar ake turara su a tukunya a zubar, don gudun fumfuna. Da hotunan 'yan tayin dabinon ƙasashen waje aka koya mata aiki, dogaye miƙaƙƙu. Namu gajeru ne masu ɗan lanƙwasa. Ranar da layi ya zo kansu ina asibiti da ɗiyata. Da na dawo na tarar na'urar ta tura su duka hagu, ga kwalaben a wanke, an kife su suna tsanewa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, amma wa zan shaƙe? Kowa ƙa'ida ya bi.

Na je gida in faɗa wa Baba. Tun kafin in ajiye jaka ya ja ni gona. Uwar ta riga ta mutu, sai kututture a tsaye. Gefenta kuwa ramuka ne jere reras, an zuba taki, an kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Tsoho mai ciwon baya, shi kaɗai ya haƙa su.

Ya ce, "To, malama, sun isa ko in ƙara?"

Na bi ramukan da kallo. Ya dubi fuskata, ya zaci ramukan ne suka yi kaɗan. Sai ya duƙa ya ɗauki dagi.