Gefen da Aka Bar wa Wuta-wuta

Ba a banza aka sa masa suna Baba Tsaf ba. Gonarsa ƙarama ce a bakin hanya, mai keke zai wuce ta kafin ya gama amsa gaisuwa, amma ciyawa ba ta kwana a cikinta. Matarsa takan ce da zai kula da ɗakinsa yadda yake kula da gonar nan, da ta huta. Shi kuwa ba ya musu. Bai gaji shanu ba, bai yi karatu mai zurfi ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne in an wuce a ce, "Kai, ga gonar manomi!"

Abu ɗaya ya gagare shi, wato wuta-wuta. Wanda bai san ta ba zai ce fure ne mai kyau a gindin dawa, alhali munafuka ce ta ƙarshe. Tun tana cikin ƙasa take maƙale wa saiwar dawa tana tsotsa, kafin ta fito fili ta gama ɓarnarta. Shekara da shekaru Baba Tsaf yana tuge ta yana ƙonawa, kowace damina ta dawo da 'ya'ya da jikoki, rumbunsa kuwa sai baya-baya yake yi.

Ana cikin haka wata malamar bincike ta zo daga cibiyar nazarin noma, a wata tsohuwar mota mai tari. Ta ce gwamnati ce ke ɗaukar nauyin aikinsu, kuma sun daɗe suna wahala a kan wani irin dawa da wuta-wuta ba ta iya kamawa sosai. Sai dai ba za a raba wa jama'a ba sai an gwada shi a gonakin ƙananan manoma, an gani da ido. Ta kafa turaku, ta ja igiya, ta raba gonar biyu.

"Baba, nan sabon iri, can irinka na gado. Noma ɗaya, taki ɗaya. Amma wuta-wuta, ko ɗaya kada ka tuge."

"An gama, Malama," in ji shi.

Da baki kam an gama. Gefen tsohon irin shi ya faɗo bakin hanya, kuma da damina ta yi nisa ya yi jawur, dawar ta tsugune, furen ya cika layuka kamar an gayyace shi. Baba Tsaf ya daure, ya daure, har ranar da mai shayi ya tambaye shi a gaban jama'a ko ya sayar da gonar ne. Washegari da sassafe ya tuge furen tas, ya kwaso takin awakin matarsa ya zuba wa gefen da ke wahala. A zuciyarsa taimako ya yi, don wane manomi ne zai ga shuka tana kuka ya wuce?

Da manyan ma'aikatar gona suka zo dubawa, suka kalli dama, suka kalli hagu, ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Suka shiga motarsu. Malama ta tsaya ta tsura wa ƙasa ido, ta ga kashin awaki a gindin dawa.

"Baba, ka taɓa gefen nan?"

"Ɗan gyara ne kawai, 'yata."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Zama ta yi a ƙasa, idonta ya cika da hawaye. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, kusan duk manoman da aka ba gwajin haka suka yi, kowa ya ji tausayin gonarsa. In mummunan gefen bai yi muni ba, da me za a gane kyan mai kyau? Yanzu manya za su ce irin bai da amfani. Baba Tsaf ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ba nasa kaɗai ba ne.

Da rani ya sa rigarsa mai kyau ya je cibiyar da ƙafarsa. Ya tarar da Malama a wani ɗaki mai zafi, fanka a tsaye, kwalabe cike da iri a jere kan katako, kujerun abokan aikinta babu kowa don an sallami wasu. Ta ce ma'aikata ta ba su damina ɗaya tak. In ba a ga bambanci ba za a janye tallafin, irin ya tsufa a kwalba.

"To ki dawo da turakunki," in ji shi. "Kuma a inda suke za ki mayar da su, bakin hanya."

"Baba, ana iya juyawa, tsohon irin ya koma ta baya inda ba a gani."

"A'a. Inda na yi ɓarna, nan zan biya."

Wannan damina ta nuna masa cewa haƙuri ya fi fartanya nauyi. Wuta-wuta ta fito da ƙarfinta, kamar ta ji labarin an ɗaure masa hannu. Kullum ya zo ya nome ciyawa a gefen biyu, ya kewaye furen nan kamar mai tsoron tada jariri daga barci, yana zaginsa ƙasa-ƙasa. A teburin shayi aka sauya masa suna zuwa Mai Lambun Fure. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya daina zama a wurin. Matarsa ta ce, "Malam, da tsufanka ka zama mai gadin ciyawa?" Amma ita ce ta kulle takin awakinta a bayan ɗaki, don ta san halin mijinta.

Wata safiya ya iske ƙaninsa a gonar ya duƙa, ya fara tuge furen. Wai ƙanin ya ji ana cewa yayansa ba shi da lafiya, shi ne ya zo taya shi. Baba Tsaf ya ruga ya riƙe masa hannu.

"Sake ta!"

"Yaya, mutane fa suna magana."

"Bar su su yi. Bakinsu zai cika maka rumbu?"

Bai tsaya a gonarsa ba. Ya riƙa zagaya sauran manoman gwajin yana tsare su daga fartanyarsu. Ya san lokacin da hannu ke fara ƙaiƙayi, don nasa ma yana yi. Wani ya ji maganarsa, wani ya kore shi, gobe ya koma.

Da kaka ta kusa manyan suka sake zuwa. Wannan karon ba a bukaci dogon bayani ba, gani ya kori ji. A bayan igiya dawa ta fi mutum tsawo, zangarniya ta sunkuya don nauyi. A bakin hanya kuwa kara ne sirara, wasu ko kai ba su fitar ba. Babban cikinsu ya daɗe tsaye a kan igiyar, sannan ya juyo.

"Baba, an ce kai ne ka fi kowa tsaftar gona a nan. Kai ka bar wannan gefen haka?"

"Ni na bar shi, ranka ya daɗe. Tunda nake noma ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya kamarsa ba."

An sabunta tallafin. Da bazara ta kewayo Malama ta tsaya a teburin shayi, kowa yana miƙa hannu yana neman sabon iri, mai shayi a sahun gaba. Ta ce za a samu, amma akwai sauran gwaji, don yanzu irin da zai jure fari suke nema. Ana bukatar wanda zai sake barin rabin gonarsa ta wahala a idon jama'a. Hannaye suka sauka, kowa ya koma kallon kofinsa.

Baba Tsaf ya shanye shayinsa, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa.

"Kawo turakun, 'yata. Ni na riga na saba da sunan."